Ciwon da Ya Rasa Suna: Waiwaye a Kan Tarihin Sankarar Furostet da Binciken Ta a Keffi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka san wata cuta da ke addabar dattawa, da yadda rashin tsayayyen sunanta a Hausa yake kawo cikas ga gano ta da wuri. An ɗauki garin Keffi a matsayin misali. Furostet wani ɗan ƙullutu ne mai kimanin girman goro, wanda ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari. Aikinsa shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi.

2.0 Yadda Aka San Cutar

A shekarar 1853 wani likitan fiɗa a Landan, John Adams, ya bayyana wannan sankara, ya kuma ɗauke ta a matsayin cutar da ba safai ake samu ba. A 1904 Hugh Young ya yi aikin cire furostet ɗungurungum a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. A 1941 kuwa Charles Huggins ya nuna cewa sinadarin mazakuta ne ke ciyar da ita, watau in an rage shi sai ta lafa. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Daga bisani aka samu gwajin jini na PSA, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a 1986 don bibiyar majiyyata, sannan a 1994 don binciken waɗanda ba su ga alama ba.

A Nijeriya an daɗe ana zaton cutar Turawa ce. Ko da aka kafa rajistar masu sankara a Ibadan a 1960, wannan zato bai gushe ba. Sai a 1997 Farfesa Osegbe na Legas ya buga binciken da ya nuna tana da yawa a ƙasar, kuma akasarin masu ita ba sa zuwa asibiti sai ta ci jiki. Ke nan ƙarancin gwaji ne ya ɓoye ta.

3.0 Keffi da Asibitinta

Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa masarautar Keffi a farkon ƙarni na 19, a ƙarƙashin Zazzau. Kamar sauran garuruwa, a hannun wanzamai da masu saiwa da malamai harkar magani take kafin zuwan Turawa. Dattijon da fitsari ya yi wa gardama sai a ce tsufa ne, ko sanyi, ko sammu. Bayan ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Gwamnatin Tarayya ta mai da babban asibitin garin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a shekarar 2000. Da wannan, likita da ɗakin gwaji suka matso kusa. Abin da ya rage shi ne kalmomin da za su kai mutum gare su, domin a Keffi Hausa ce ke haɗa Bafillace da Gwandara da Eggon da Mada, a kasuwa da kuma gaban likita.

4.0 Matsalar Suna

Bahaushe yana da “ciwon daji” da “sankara”, ga kuma “kansa” da aka aro. Amma shi wannan ƙullutu ba shi da sunan da kowa ya yarda da shi, kasancewar ba a ganin sa. Kafofin watsa labarai sukan ce “sankarar mafitsara”, alhali kuwa wannan wata cuta ce daban, wadda ke kama ita mafitsarar kanta, kuma a Arewa tana da alaƙa da tsargiya. Wasu sukan ce “sankarar maraina”, wadda ita ma daban take, ta fi kama matasa. Daɗin daɗawa, kunya takan sa a sakaya zance. Majiyyaci ya ce “matsalar maza”, mai saurare ya ɗauka rashin ƙarfi ake nufi, sai a nufi mai maganin basir.

Illar wannan ruɗani babba ce, domin a farkonta cutar ba ta nuna alama. Wahalar fitsari ta fi zuwa daga kumburin tsufa wanda ba sankara ba ne. Ita kuwa sau da yawa sai ta kai ga ƙashin baya ko ƙugu ake farga, lokacin da magani ya koma na rage raɗaɗi.

5.0 Amfanin Gwaji da Iyakarsa

Wani babban bincike na ƙasashen Turai da aka buga a 2009 ya nuna gwajin PSA a kai a kai ya rage mace-mace da kimanin kashi 20 cikin 100. Duk da haka gwajin yakan hau ba tare da sankara ba, yakan kuma tono wadda ba za ta taɓa cutarwa ba. Saboda haka kwamitin Amurka ya hana yin sa ga kowa da kowa a 2012, ya dawo a 2018 ya bar wa mutum da likitansa shawara. Tun da baƙar fata da mai tarihin cutar a gidansu sun fi shiga haɗari, ana ba su shawarar fara tuntuɓar likita tun suna shekara 45. Wole Soyinka ya bayyana tasa a fili a 2014 bayan an yi masa magani, don wasu su je a duba su.

6.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa an yi zaton cutar ba ta da yawa ne a duk inda ba a neme ta ba. Nauyin da ke kan masana harshe shi ne su zauna da likitoci su tsayar da suna guda, ko “sankarar furostet” ko wani ƙirƙirarre, wanda zai bambanta ta da ta mafitsara, kuma dattijo zai iya furta shi gaban ɗan cikinsa. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.