Darasi Daga Lu'ulu'un Sarkin Mughal



Wajajen shekarar 1650 aka haƙo wani ɗanyen lu'ulu'u, wanda Larabawa ke kira almas, a ƙasar Golkonda ta Indiya. Nauyinsa ya kai karat 787, kuma Mir Jumla ya kai shi kyauta ga Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal. Aka miƙa shi ga wani magogi mutumin Italiya, Hortensio Borgio. Ya yi ta guga har dutsen ya koma karat 280. Maimakon lada, tara aka ci shi. Haka Tavernier, ɗan kasuwar Faransa da ya ga dutsen a 1665, ya ruwaito. Bayan Nadir Shah ya wawashe Delhi a 1739, labarinsa ya ɓace.

Manzon Allah (SAW) ya kamanta mutane da ma'adinai. Ƙuruciyarka ɗanyen dutse ce, abin da aka goge kuwa ba ya dawowa. Saboda haka, ka duba hannun wa ka miƙa zuciyarka: malami, aboki, ko wani baƙo a intanet.

Allah Ya haɗa mu da malamai nagari, amin. Wassalam.