Kaduna, Garin Gwamna

Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofar gari irin ta Kano ko Zazzau. A takarda aka fara zana ta. Gwamna Lugga ne ya zaɓi bakin kogin Kaduna mai kadoji, saboda ruwa da layin dogo, a 1917 kuma aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru. Shi ya sa har yau ake ce mata garin gwamna.

Zanen farko na wariya ne. Turawa suka ware wa kansu unguwa mai faffadan titi da inuwar maɗaci, aka bar fili tsakani, 'yan ƙasa kuma suka cunkusu a Sabon Gari da Tudun Wada. Amma a faɗi gaskiya, maginan sun san rana. Shiga tsohon gidan ma'aikaci da azahar ka gani: baranda ta zagaye shi, rufi ya yi sama, taga na kallon taga, iska na ratsawa ba fanka. Ko Lugard Hall, inda sarakuna da wakilai suka yi zaman majalisa, ƙubba aka ɗora mata don ta yi kama da ginin ƙasar nan.

Zamanin da ya fi burge ni shi ne na Sardauna. Jihar Arewa na gaggawar cim ma duniya, sai siminti da ƙarfe suka miƙe. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, ga otal ɗin Hamdala, ga filin wasa na Ahmadu Bello. Dubi bangon gine-ginen lokacin da kyau: bulo mai huda-huda da ke tace haske, da 'yan fikafikan siminti a saman taga masu tare rana. A 1967 mai tsara birane Max Lock ya fitar da tsarin garin na shekara hamsin, amma yawan jama'a ya sha gabansa.

Yanzu gilashi ake yayi, gidan da in an ɗauke wuta sai ya koma tanda. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977 an rushe shi a 2020, masaƙun Kakuri kuwa ciyawa ta cinye harabarsu. Ina roƙon hukuma ta ƙidaya tsofaffin gine-ginen da suka rage, ta sa su cikin doka kamar yadda aka adana Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, tun kafin katafila ta iso kansu.