'Ya'yan Mutawalle Biyu da Tutar Jam'iyya

Mutumin Kaikai, ko na Kankiya ko Kusada, da ya bar gonarsa ya bi layi ranar zaɓen shugaban ƙasa, yakan tarar da sunayen da aka riga aka tace masa tun watanni da suka wuce, domin kuwa kowace jam'iyya tana da nata ahlul halli wal aƙdi, wato gwamnoni da shugabanni da masu hannu da shuni, waɗanda in sun yi ijma'i a kan mutum, da wuya wakilai su saɓa musu. Babu gidan da ya ɗanɗani wannan al'amari ta fuska biyu kamar gidan Mutawalle Musa 'Yar'aduwa na Katsina.

Babban ɗansa, Janar Shehu, ya kafa jama'arsa da kansa, ya ratsa kudu da arewa yana ƙulla amana da 'yan siyasa, har ya yi rinjaye a zaɓen fid da gwani na SDP a 1992. Amma da yake jam'iyyun nan biyu, SDP da NRC, gwamnatin soja ce ta ƙirƙire su, ta gina musu ofisoshi, sai Janar Babangida ya soke zaɓen, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, Allah Ya jiƙansa. Jama'arsa kuwa ba ta watse ba, tana cikin waɗanda suka ɗora Obasanjo a kan Alex Ekwueme a taron PDP na Jos a 1999.

Ƙaninsa Umaru, wanda ya zama gwamnan Katsina a 1999, mutum ne mai kawaici da gudun duniya, wanda a lokacin da yawa daga mutanen kudu ba su ko san kamanninsa ba. Da Majalisar Dattawa ta yi watsi da yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo a watan Mayu na 2006, shi kuma ya ɓata da mataimakinsa Atiku Abubakar, sai shugaban ya nuna Umaru. Gwamnonin PDP suka yi masa mubaya'a, Peter Odili na Ribas, wanda ya daɗe yana yawon neman goyon baya, ya janye, Babangida ma ya janye. A watan Disamba, a zaɓen fid da gwani na PDP a Dandalin Eagle na Abuja, Umaru ya sami ƙuri'a 3,024, Rochas Okorocha da ke biye da shi 372.

A ganina, nagartar Umaru, wadda Katsinawa suka shaida, ba za ta zama hujjar wanke hanyar da aka bi ba, domin wakilai sun je Abuja ne su tabbatar da hukuncin da ba a yi shawara da su ba. Shi kansa, ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2007, ya yarda a bainar jama'a cewa babban zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, bayan 'yan watanni kuma ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais don ya duba gyaran tsarin zaɓe.