Tarihin Neman Haske Mafi Tsanani

Aikin tattara haske wuri guda har ya kai matuƙar tsanani ya samo asali daga wata takarda da Albert Einstein ya wallafa a 1917. A ciki ya nuna cewa ƙwayar zarra da ta ɗauki ƙarfi tana sakin ƙwayar haske, wato foton, idan wata irinta ta gifta, sai su fita tare a jere. Sai da aka shekara 43 kafin Theodore Maiman ya kunna leza ta farko da jan yaƙutu, a Malibu ta jihar Kalifoniya, ranar 16 ga Mayu, 1960.

Ba a daɗe ba abin ya ci tura, domin da zarar hasken ya yi ƙarfi sosai, sai ya fasa gilashin da ke ƙara masa ƙarfin. A 1985 Donna Strickland, tana ɗaliba a Jami'ar Rochester ta Amurka, ta warware matsalar tare da malaminta Gérard Mourou. Dabararsu mai sauƙin faɗa ce. Ana ɗaukar gajeriyar walƙiyar leza a bi da ita ta doguwar igiyar gilashi don ta miƙe, zafinta ya lafa. A haka ake loda mata ƙarfi ba tare da ɓarna ba, sannan a sake matse ta ta koma gajeriya. Wannan aiki ya ba su lambar Nobel a 2018.

Abin da masana ke hari ya wuce yankan ƙarfe ko gyaran ido. Kimiyyar kwantum ta nuna cewa ko sararin da aka kwashe komai daga cikinsa bai zama fayau ba. Gregory Breit da John Wheeler sun lissafa a 1934 cewa ƙwayoyin haske biyu na iya karo su haifi ilektiron da kishiyarsa fozitiron, sannan Julian Schwinger ya fayyace a 1951 irin ƙarfin lantarkin da zai fizgo su daga sararin kansa. An fara ganin alamar haka a cibiyar SLAC ta Kalifoniya a 1997, inda aka haɗa leza da ilektiron masu tsananin gudu, aka samu fozitiron kusan 100.

Lezar cibiyar ELI-NP da ke Măgurele a Romaniya ta kai fetawat 10 a 2019. Adadin na da ban tsoro, amma walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, ƙarfin cikinta duka ba zai tafasa ruwan shayi kofi ɗaya ba. A 2021 masana a Gwangju ta Koriya ta Kudu sun tara wat 10²³ a kan murabba'in santimita. Iyakar da Schwinger ya fayyace kuwa tana wajen 10²⁹, wato ninki miliyan na abin da aka samu, shi ya sa gwaje-gwajen yanzu suke bin hanyar SLAC ta karo da ilektiron.