NRECA: Uwar Ƙungiyar da Ta Tsaya wa Wutar Karkarar Amurka

A farkon shekarun 1930, gida tara cikin goma a biranen Amurka na da wutar lantarki, amma a gonaki da ƙyar ake samun ɗaya cikin goma. Kamfanonin wuta sun ƙi shiga karkara, domin a lissafinsu jan waya mai nisa saboda gidaje ƙalilan asara ce. Ranar 11 ga Mayu, 1935, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar REA don kai wuta ƙauyuka, wata doka ta 1936 kuma ta ba ta gindin zama. Hukumar ta riƙa ba da rance, manoma na biyan dala biyar-biyar kuɗin shiga, suna kafa ƙungiyoyin gama-kai mallakar masu amfani da wutar.

Samun rance bai kawar da sauran matsaloli ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, jan ƙarfe ya yi wuya, aikin kafa turaku ya tsaya cik, har aka zargi wasu ƙungiyoyin da ɓoye waya. Ƙaramar ƙungiya a wata gunduma ba ta da bakin kare kanta a Washington, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne ya sa shugabanninsu suka kafa uwar ƙungiya, NRECA, a watan Maris na 1942. Clyde Ellis, tsohon ɗan majalisa daga Arkansas, shi ya fara jan ragamarta, daga 1943 zuwa 1967.

Aikinta na farko shi ne kamun ƙafa a majalisa. A 1944 aka yi dokar Pace, wadda ta tsayar da kuɗin ruwan rancen REA a kashi 2 cikin 100, ta kuma ba da wa'adin biya na shekara 35. Sannan NRECA ta shirya wa ma'aikata inshora da fansho na bai ɗaya, tana horar da manajoji da daraktoci. Zuwa 1953, fiye da kashi 90 cikin 100 na gonakin ƙasar sun samu wuta.

Da buƙatar jari ta fi ƙarfin rancen gwamnati, NRECA ta jagoranci kafa asusun CFC a 1969, domin mambobi su ci bashi daga kasuwa da sunansu gaba ɗaya. Ba a jima ba aka ga amfanin wannan hangen nesa. A ƙarshen Disamba 1972 gwamnatin Shugaba Nixon ta soke rancen mai rahusa. Wakilan ƙungiyoyi suka yi dafifi a Washington, majalisa ta mara musu baya, a watan Mayu na 1973 Nixon ya sa hannu a dokar da ta maido da shirin, amma akasari a kan kuɗin ruwa kashi 5.

Tun 1962, bisa yarjejeniya da hukumar USAID a zamanin Shugaba Kennedy, NRECA ta kai tsarin ƙungiyoyin gama-kai na wuta ƙasashen waje, musamman Filifin da Bangladesh. A gida kuwa, daga ofishinta na Arlington, tana wakiltar ƙungiyoyi kusan 900 masu ba mutum miliyan 42 wuta a jihohi 48. Ita kanta ba ta sayar wa kowa wuta, kuma mambobin kowace jiha ne ke zaɓen daraktan da zai wakilce su a kwamitinta.