BABI NA UKU: TARIHIN NASARORIN JAMI'AR CONNECTICUT A GASAR ƘWALLON KWANDO TA MAZA DA MATA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda James Naismith ya ƙirƙiro wasan ƙwallon kwando a garin Springfield na ƙasar Amurka cikin shekarar 1891. A wannan babi kuwa, za a bi diddigin nasarorin da Jami'ar Connecticut ta samu a gasar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, daga 1995 zuwa 2025. An zaɓi wannan jami'a ne domin ita kaɗai ce a rukunin manyan jami'o'i ta taɓa haɗa kofin maza da na mata a shekara guda, kuma sau biyu ta yi hakan. Za a kuma duba dalilan wannan ɗaukaka da abin da ta jawo wa jami'ar.

3.1 Tushen Al'amari

An kafa makarantar ne a ƙauyen Storrs a 1881 a matsayin makarantar koyon aikin gona. Ko da yake an fara gasar maza ta NCAA tun 1939, jami'ar ta shafe shekara sittin ba ta ɗauki kofi ba. Ita kuwa gasar mata, sai a 1982 hukumar ta soma gudanar da ita, shekara goma bayan dokar ilimi ta 1972 wadda sashenta na tara ya haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan doka ita ta tilasta wa jami'o'i ware kuɗi da guraben tallafin karatu domin 'yan wasa mata.

Abu na biyu shi ne shigar jami'ar cikin ƙungiyar Big East tun kafuwarta a 1979. Wannan ya sa ta riƙa karawa da manya irin su Georgetown da Syracuse, ana nuna wasanninta a talabijin, matasa masu hazaƙa suka san da zamanta.

3.2 Ƙungiyar Mata

A 1985 jami'ar ta ɗauki Geno Auriemma, haifaffen ƙasar Italiya, ya horar da ƙungiyar mata. Kafin zuwansa, kaka ɗaya tak ƙungiyar ta taɓa kammalawa da yawan nasara fiye da faɗuwa. Bayan shekara goma, wato a 1995, sai ga ta ta ci wasa 35 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta kuma lallasa Tennessee da maki 70 da 64 a wasan ƙarshe. Rebecca Lobo ce tauraruwar wannan kaka.

Daga nan ne hamayya mai zafi ta ƙullu tsakaninta da Tennessee ta Pat Summitt, mai kofi takwas. Sau huɗu suka haɗu a wasan ƙarshe, a 1995 da 2000 da 2003 da 2004, kuma duk Connecticut ce ta yi rinjaye. Sauran kofunan ta ɗauke su ne a 2002, 2009, 2010, 2013, 2014, 2015, 2016 da 2025, jimla goma sha biyu ke nan. A kofuna huɗu na jere daga 2013 zuwa 2016, Breanna Stewart aka zaɓa gwarzuwar gasa a kowace shekara. Bugu da ƙari, ƙungiyar ta ci wasa 111 a jere tsakanin 2014 da 2017, kafin Mississippi State ta taka mata birki da maki 66 da 64.

3.3 Ƙungiyar Maza

Shekara guda bayan zuwan Auriemma, aka ɗauko Jim Calhoun daga Jami'ar Northeastern. Shi ne ya kai maza ga kofinsu na farko a 1999, inda suka doke Duke da maki 77 da 74, alhali kuwa yawancin masu sharhi Duke suka ba wa nasara. Ya sake ɗaukar kofi a 2004, kakar da Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya zama gwarzon gasa, sannan ya ƙara na uku a 2011 tare da Kemba Walker.

Da Calhoun ya yi ritaya a 2012, tsohon ɗalibinsa Kevin Ollie ya gaje shi, ya ɗauki kofin 2014 bayan doke Kentucky da maki 60 da 54. Daga nan ƙungiyar ta yi sanyi, har aka sallami Ollie a 2018 aka kawo Dan Hurley. Shi kuma ya ci kofi biyu a jere: a 2023, lokacin da Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali ya zama gwarzon gasa, da kuma 2024. Zuwa 2025 ke nan maza suna da kofi shida. Shekarun 2004 da 2014 su ne shekarun da jami'ar ta haɗa kofunan biyu.

3.4 Tsokaci

Idan aka kwatanta ɓangarorin biyu za a ga bambanci. Kofunan mata duka mutum ɗaya ya samo su, tare da mataimakiyarsa Chris Dailey da suka fara aiki tare tun 1985. Na maza kuwa, masu horarwa uku suka raba. Wannan ya nuna cewa ɓangaren maza ya jure sauyin shugabanci, yayin da na mata bai fuskanci wannan jarrabawa ba a tsawon shekarun da aka nazarta.

Sai dai kuma ɗaukakar ba ta zo a ɓagas ba. A 2013 hukumar NCAA ta hana ƙungiyar maza shiga gasa saboda raunin sakamakon karatun 'yan wasanta na shekarun baya. Wannan ya tado da tambayar da ke gaban kowace jami'a: shin ɗalibi ne ke wasa, ko kuwa ɗan wasa ne aka rubuta a rajistar ɗalibai? Haka kuma wasu masu sharhi sun yi ƙorafin cewa mamayar ƙungiyar mata tana rage wa gasa armashi. Mai wannan bincike yana ganin akasin haka, domin tsakanin 2017 da 2024 wasu jami'o'i ne suka riƙa ɗaukar kofin, South Carolina ma har sau uku, alamar cewa abokan hamayya sun tashi tsaye.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an fahimci cewa doka da ƙawance da haƙurin barin masu horarwa su daɗe a kan aiki su ne ginshiƙan kofuna goma sha takwas da jami'ar ta tara cikin shekara talatin. Babi na gaba zai duba yadda ake samar da kuɗin gudanar da waɗannan ƙungiyoyi.