Asalin Rumbun Laka a Ƙasar Ƙonni da Adar

Wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni ya ratsa Tsarnawa ya nufi Badagishiri, kafin ya ga ɗakunan kwana na ƙauye rumbuna zai fara hangowa, manya masu tumbi kamar randa, kowane da hular jinka a ka. A gidaje da dama rumbun ya fi ɗakin maigida tsawo da kyan yaɓe. Me ya sa manomin da ya yarda ya kwana a ƙaramin ɗaki ya zuba gwanintarsa duka a mazaunin hatsi?

Asalin abin yana ga damina. Ruwan ƙasar nan wata uku ne zuwa huɗu, kuma ba kowace shekara yake cika alkawari ba. Abin da gandu ya bayar da kaka shi zai riƙe gida har wata kakar, in an yi rashin sa'a har ta gaba. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da ɓarnar fara ta 1931, da farin 1973 da na 1984, duk sun tarar da mutane sun riga sun san haka. Magabata sun lissafa maƙiyan hatsi ɗaya bayan ɗaya, suka gina wa kowane maganinsa. Gara da danshi ta ƙasa suke zuwa, sai aka ɗora gindin rumbu a kan duwatsu, abin da Adar ba ta rasa ba, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, kaji na shiga suna tsince ƙwari. Gobarar da kan lashe rumbun kara ba ta cin laka. Ɓera da ɓarawo ƙofa suke nema, sai aka hana rumbun ƙofa, aka bar masa baki ɗaya can sama, ba a kai gare shi sai da tsani. Magini kuwa ba ya amfani da tubali. Laka ce ake cuɗawa da ciyawa, ya ɗora zagaye guda, ya shafe da tafin hannu ciki da waje, ya bari ta sha iska kafin ya ɗora wani. Da haka tumbin ke buɗewa, sannan ya tsuke a wuya. Cikinsa ake jera zangarniya ba tare da sussuka ba, don gero a jikin zangarniyarsa ya fi jure wa ƙwari.

Wani zai ce talauci ne kawai, da sun sami siminti da ba su taɓa laka ba. Amma tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, ga shi a bakin ƙofa, kuma har yau akan ga wanda ya gina shago da bulo da kwano ya bar hatsinsa a laka. Kwano yana tara zafi, laka kuwa tana riƙe sanyi, tana barin danshi ya fita. Manoman Galmi ma ba sa zuba albasa a irin wannan rumbu, rudu suke yi mata na kara da ciyawa, don ita iska take so. Zaɓi ne na wanda ya san halin amfanin gonarsa. Gaskiya ne rumbun laka yana da wahala: sai an sabunta yaɓe da jinka kafin ruwa ya sauka, in an yi sakaci damina guda ta isa ta tsaga shi, kuma buhu ya fi saurin kaiwa kasuwa.

Akwai kuma masu jingina ajiyar hatsi ga Turawa, saboda rumbunan tsimi da Faransawa suka tilasta wa ƙauyuka bayan yunwar 1931. Wannan bai tsaya ba. Rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan da ta ragargaza Birnin Ƙonni a 1899 da hatsin da ta ƙwace a garuruwa ta ci da kanta a hanya, ke nan ajiyar ta riga su. Abin da suka kawo shi ne tilas, da raba mai hatsi da ikon buɗe rumbu. A tsarin da suka tarar, wannan iko na maigida ne. A gidaje da yawa yakan rufe rumbun gandu da rani, a lallaɓa da hatsin gayauna da abin da cin rani ya kawo, sai ruwa ya sauka an duƙufa ga noma sannan a jingina tsani a ɗaga jinka.